Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare: A Kafa Wa Na Ƙasa Tsani

Zuwa ga Magatakarda da sauran shugabannin Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, LRCN, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata baki ɗaya.

Ranku ya daɗe, daga Jos nake rubuto muku, a kan wasu mutane da babu sunansu a littafin rajistarku, alhali makullan ɗakunan karatu da yawa a aljihunsu suke kwana. Ina nufin masu difloma da babbar difloma, da mataimakan da suka shigo aikin da takardar sakandare, da malamin makarantar da shugabansa ya miƙa masa ɗakin littattafai ya ce ya ji da shi. Duk zancen da muke yi a tarukanmu na ƙaro ilimi a bakin aiki da na lasisi, a kan masu digiri yake farawa, a kansu yake ƙarewa. Roƙona shi ne a ba waɗannan na ƙasa gurbi a rajista, a kai musu horo har inda suke, sannan sabunta lasisin kowa, babba da ƙarami, ya rataya a kan abin da ya koya kuma ya iya yi da hannunsa. Ni ina cikin masu rajista, saboda haka ba kukan kaina nake kawo muku ba. Na rubuta da Hausa a bainar jama'a ne domin waɗanda abin ya shafa su karanta, su ƙara ko su rage.

Ban raina abin da aka samu ba. Sana'ar nan ta daɗe tana neman a san da zamanta. Taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 a kan ɗakunan karatu na jama'a shi ya haifar da ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, daga cikinta kuma Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, NLA, ta fito a 1962. Daga nan sai da aka ƙara shekara 33 kafin Doka ta 12 ta 1995 ta kafa majalisarku. Dokar ta ba ku ikon tantance wane ne ya cancanci a kira shi ƙwararren ma'aikacin laburare, da gindaya irin ilimin da zai mallaka, da sake duba wannan ma'auni lokaci zuwa lokaci, da riƙe rajista, da ladabtar da wanda ya saɓa. Yau mutum yana rubuta CLN, wato shaidar ƙwararren ma'aikacin laburare mai rajista, a bayan sunansa, ya shiga majalisar jami'a ya zauna kusa da likita da injiniya ba tare da jin kunya ba. Kun fitar da ƙa'idojin ɗa'ar aiki, kun fitar da mafi ƙarancin ma'aunin da ya kamata kowane irin ɗakin karatu ya cika. Allah ya saka da alheri.

To amma ku dubi yadda aikin yake a ƙasa. Ma'aikatan laburare a gwamnati hawa-hawa ne: akwai masu hidima da mataimaka, akwai jami'an laburare masu difloma, sannan ƙwararru masu digiri a sama. A jami'a ƙwararren yana cikin sahun malamai, ƙarin girmansa yana tafiya da maƙalun da ya wallafa, don haka rabin hankalinsa yana wurin bincike da rubutu, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ɗalibi yake tararwa a kan kanta, wanda yake buga hatimi, ya jera littattafai, ya nuna wa ɗan aji ɗaya yadda ake bin lambar da ke gadon bayan littafi, galibi jami'i ne ko mataimaki. Idan aka bar jami'a aka gangara ɗakunan karatu na jiha da na ƙananan hukumomi da na sakandare, sai ka tarar mutum guda shi ne shugaba, shi ne mai katalogi, wato rubuta bayanin kowane littafi domin a iya gano shi, shi ne mai shara. Na san wata baiwar Allah a wata ƙaramar hukuma ta kudancin Filato da ta tsufa a wannan aiki. Ta san littafin da kowane yaro yake so, ta san wanda gara ta fara ci, ta san malamin da ba ya mayar da aro. Tun ranar da aka ɗauke ta aiki ba wanda ya taɓa kiran ta ya koya mata wani sabon abu, kuma idan ta yi ritaya gobe babu wata takarda da za ta nuna cewa ta taɓa ƙwarewa a komai. Masu babbar difloma kuwa kukansu tsoho ne, kowa ya san yadda ake tsayar da su a matakin albashi na 14 su zuba ido yaran da suka koya wa aiki suna wuce su.

Mu a Arewa wannan giɓi ya fi yi mana ciwo, domin tarihin sana'ar a nan da masu matsakaicin ilimi aka gina shi. Ɗakunan karatu na En'e da aka bubbuɗe a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ba masu digiri ne suka riƙe su ba, malaman gari ne da akawuna. Da gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato F. A. Sharr daga Ostireliya ya duba halin da ake ciki, rahotonsa na 1963 ya nuna ƙarancin horarrun ma'aikata, kuma a kan haka aka buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968. Makarantar koyar da aikin laburare ta Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960, ta karkata ne ga horar da waɗanda suka riga suka yi digiri domin su zama shugabanni. Zariya ta buɗe digirin farko, ta ajiye difloma a gefensa, saboda ta san ƙasar da take cikinta tana da faɗi kuma masu digiri ba za su ishe ta ba. Kano ta biyo baya a 1977, Maiduguri a 1978. Mutanen da difloma ta fitar su suka riƙe ɗakunan karatun jihohi shekara da shekaru. Bai kamata rajistar ƙasa ta zo daga baya ta yi kamar ba su nan ba.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: idan aka shigar da kowa, darajar CLN za ta zube. Ban ce a raba wa kowa CLN ba. Ku leƙa gidan injiniyoyi. Majalisarsu ta COREN tana yi wa rukuni huɗu rajista, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu, kowa da matsayinsa da iyakar abin da zai sa wa hannu, kuma ba mu ji injiniya ya ce an rage masa daraja ba. Masu harhaɗa magunguna da masu gwaje-gwajen asibiti su ma suna yi wa mataimakansu rajista daban. Abin da ya dace da mu ke nan: rajista ta biyu ga jami'ai, ta uku ga mataimaka, kowace da jarrabawarta, kowace da sharuɗɗan sabuntawa, kuma da hanyar hawa daga wannan zuwa waccan wadda take lissafa shekarun aiki da kwasa-kwasan da mutum ya ci. Mai babbar difloma da ya shekara 15 yana katalogi, idan zai koma jami'a, ai bai kamata a zaunar da shi aji ɗaya da wanda bai taɓa buɗe jadawalin Dewey na ba littattafai lamba ba, a ce su fara tare daga bismillah. Wannan magana ce da ku kaɗai za ku iya zama da Hukumar Jami'o'i da Hukumar Ilimin Fasaha ku warware. Idan kuma dokar 1995 ce ta ɗaure muku hannu, Majalisar Tarayya tana nan kusa da ku, a kai mata gyara. Dokar da aka rubuta kafin waya ta shiga hannun mutane ta isa a sake duba ta.

Sai batun bita. Ana yin bita, ba a fasa ba. NLA tana babban taronta duk shekara, yau a wannan birni gobe a wancan, sashenta na katalogi yana da nasa, ku ma kuna shirya naku. Amma wa yake zuwa? Ma'aikacin jami'a ko kwalejin gwamnati yana da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, a bayansa, wadda take ba da kuɗin ƙaro karatu da na halartar taro. Dokar TETFund kuwa a manyan makarantun gwamnati ta tsaya. Ma'aikacin hukumar laburare ta jiha, da na ƙaramar hukuma, da na sakandare, ba su da wannan gata. Daga Jos zuwa Abuja, ka bi ta Akwanga da Keffi, tafiyar rabin wuni ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Wanda zai taso daga Wase ko Dengi ko Shendam sai ya fara kwana a hanya. Ka haɗa kuɗin mota da masauki da abinci da kuɗin shiga taron, ka ajiye su kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ka ga abin da zai rage wa iyali. Shi ya sa fuskokin da ake gani a bita ba sa canzawa, masu digiri na biyu da na uku ne suke ta ƙara wa Barno dawaki. Wani abin da ba a cika faɗa a gaban manya ba: a ma'aikatu da dama, idan takardar gayyata ta zo da alawus a jikinta, oga ne yake tafiya, ko da bitar ta sarrafa manhajar da shi ba zai taɓa zama a gabanta ba ce. Ya dawo da jaka da satifiket, wanda yake zaune a gaban kwamfutar bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ina sane da halin da kuke ciki. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa za ta daina sa hukumomin sana'o'i irin taku a kasafin kuɗi, kowace ta ciyar da kanta. Hukumar da aka ce ta nemi na kanta, hanya mafi sauƙi a gare ta ita ce ta ƙara kuɗin rajista, ta yawaita bita mai tsada, ta ce sai da satifiket ɗin bitar za a sabunta lasisi. Lauyoyi da akantoci suna iya ɗaukar irin wannan, domin suna da ofisoshin kansu da masu biyan su. Mu kusan dukkanmu 'yan albashi ne, babu wanda yake buɗe laburare ya sayar da aro. Idan aka bi waccan hanya, lasisi zai koma haraji, wanda ba shi da hali ya daina sabuntawa, rajistar ta ƙanƙance maimakon ta faɗaɗa. Faɗaɗa ta zuwa ƙasa da kuɗi kaɗan daga mutane masu yawa ya fi muku amfani ko ta fuskar aljihu.

Abin da ake ƙirgawa a matsayin ƙaro ilimi shi ma yana son gyara. Zama a zauren otal kwana uku ana nuna hotuna a bango bai tabbatar da cewa mutum ya iya komai ba. A ce wanda ya halarci bitar Koha, manhajar kwamfuta ta tafiyar da ɗakin karatu, sai ya shigar da littattafai 50 na ɗakin karatunsa, wani ƙwararre ya duba ya sa hannu, sannan a rubuta masa maki. A ce wanda ya koya wa mataimaka biyar a garinsu ya samu maki, su ma su samu. Kwasa-kwasan intanet na ƙungiyar laburarukan Afirka ta AfLIA da ke Akara, da horon kyauta da shirin Research4Life yake bayarwa a kan neman mujallun kimiyya, duk a karɓe su idan mutum ya kawo shaida. Wanda ya tsara jerin tsofaffin jaridun da ke rumbunsu, ko ya rubuta rahoton yadda ya ceto littattafai daga yoyon rufi, ya yi abin da ya fi maƙalar da aka biya kuɗi aka buga a mujallar da ba mai karantawa.

Me za a koyar? Mun taɓa ganin abin da rashin horo yake jawowa. A shekarun 1990 an raba wa jami'o'in tarayya manhajar laburare ta TINLIB da bashin Bankin Duniya, aka yi murna, bayan 'yan shekaru ta mutu a wurare da yawa saboda kuɗin sabuntawa da rashin masu kula da ita. Yau Koha da DSpace, manhajar adana takardun bincike a intanet, kyauta ne, amma wanda zai girka su, ya adana kwafin bayanai a wani wuri daban, ya tashe su idan wuta ta ɗauke ta lalata na'ura, shi ne babu. Ƙa'idar katalogi ta RDA ta fito a 2010, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya koma kanta a 2013, mu kuwa da yawanmu da tsohuwar ƙa'ida ta AACR2 aka yaye mu, kuma a kanta muke har gobe. Wannan duk sananne ne, kowace bita tana taɓa shi.

Abin da ban taɓa ganin an ba shi haƙƙinsa ba shi ne kayanmu na gida. Ƙa'idojin da muka koya an gina su ne a kan mutanen da suke da sunan dangi. Bahaushe kuwa sunansa na ƙarshe yana iya zama na mahaifinsa, ko na garinsu, ko na unguwarsu, ko laƙabi, ko sarauta. Marubuci guda sai ya fito Muhammad a wannan littafi, Mohammed a wancan, Muhammadu a na uku. Marubuciya ta fara da sunan mahaifinta, ta yi aure ta koma na miji, a bangon littafi kuma ta ƙara da Maman wane. Idan babu kundin daidaita sunaye da kowa zai bi, ayyukan mutum ɗaya sai su watse wuri huɗu a katalogi, mai bincike ya ɗauka mutum huɗu ne. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: ma'aikaci ya shigar da sunan littafi da su, mai nema ya buga babu su, manhajar ta ce ba ta da shi, alhali yana kan kanta. Gyaran wannan ba wuya gare shi ba ga wanda aka nuna masa. Dewey ya tattara dukkan adabin Hausa a 893.72, ya cusa Musulunci kaf a 297, tsarin da jami'o'inmu suke bi kuma ya ba Hausa 'yan lambobi daga PL8231 zuwa PL8234. Ɗakin karatun da rabin kayansa littattafan Hausa ne da na addini, dole ma'aikacinsa ya san yadda zai faɗaɗa waɗannan lambobi ba tare da ya yi ta ƙirƙirar nasa ba.

Littattafan da ake bugawa a Kano kuma nasu daban ne. Da yawa babu lambar ISBN, babu shekarar bugu, suna fitowa kashi na ɗaya da na biyu da na uku a takarda mai saurin yagewa. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, amma marubuciyar da ta buga da kuɗin adashinta ba ta ma san da dokar ba, kuma ba wanda aka horar ya je ya same ta. Yanzu ma rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, ana sayar da shi ta waya, yana ɓacewa ranar da wayar ta faɗa ruwa. Nan da shekara 30 mai nazarin rayuwar matan Arewa na wannan zamani zai nemi waɗannan labarai. Wanda zai iya tattara su shi ne mataimakin nan da yake zaune cikin masu karanta su, in an koya masa abin da zai tara da yadda zai rubuta bayaninsa.

Haka rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarinsu, har an buga katalogin su tun 1965. Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna suna da nasu. Wanda ya fi yawa kuwa yana cikin gafaka a zaurukan malamai, a Wase da Kanam da cikin garin Jos. Takardun ba a ɗinke suke ba, idan suka hargitse sai wanda ya san bin kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi domin ta nuna farkon na gaba ne zai iya mayar da su. Mai digirin laburare da yawa bai iya karanta su ba, malamin da ya iya karantawa kuma bai san cewa salatif da leda mai zafi suna kashe tsohuwar takarda ba. A haɗa su aji guda, kowa ya koya wa ɗan'uwansa, ku kuma ku ba da takardar shaida ta musamman a kan wannan fanni. Akwai masu digirin Larabci da na Hausa da suke zaune ba aiki, waɗanda wata shida na horo zai mayar da su abin nema.

Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labarin gobara ba. A Oktoban 2016 wuta ta cinye ginin laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta, littattafai da ofisoshin sassa da takardun da ba za a sake samun irinsu ba suka tafi. Tun daga ranar ya kamata a ce babu wanda za a sabunta wa lasisi sai ya nuna ya san inda abin kashe gobara yake da yadda ake buɗe shi, da abin da za a fara fitarwa, da inda kwafin katalogi yake kwana a wajen ginin, da yadda ake busar da littafin da ya jiƙe kafin ya yi funfuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙurar hunturu da gara da yoyo ba sa shiga jarida, amma abin da suke ci a shekara ba kaɗan ba ne.

Akwai kuma sababbin dokoki da suka shafe mu kai tsaye. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba ɗakunan karatu wasu sassauci, ta kuma halatta mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita, bin yarjejeniyar Marrakesh da Nijeriya ta amince da ita a 2017. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ɗalibanta suna shigowa manyan makarantunmu, ma'aikacin da bai san dokar ba kuwa sai ya hana su abin da doka ta ba su don tsoron laifi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hau kan rajistar masu aro da lambobin wayarsu da muke bari a buɗe a kan tebur. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yara suna zuwa neman wanda zai nuna musu yadda ake riƙe linzamin kwamfuta. Yanzu kuma ɗalibi yana zuwa da jerin littattafan da ChatGPT ya ba shi, a yi ta nema, ashe wasu ba a taɓa rubuta su ba. Duk waɗannan a kan kanta suke faɗowa, gaban wanda ba a gayyata bita.

Wurin yin horon ba zai gagara ba. A Jos kaɗai akwai reshen Laburaren Ƙasa, da hukumar laburare ta jiha, da jami'ar da ta riga yawancin takwarorinta buɗe rumbun bincike na intanet, da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, da ta binciken dabbobi ta Vom, da ma'adanar fina-finai ta ƙasa. Hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 domin irin wannan aiki, a garin nan take. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN tana da cibiya a nan, hedikwatarta kuma tana Jabi kusa da ku. Ba sai kun ɗauko kowa daga Abuja ba. Ku tantance ƙwararru a kowace jiha, ku ba su manhajar koyarwa guda, su riƙa zagayawa, ku kuma ku riƙe jarrabawa da rajista. A yi ajin ranar Asabar ko lokacin hutun makarantu, domin mai aiki shi kaɗai idan ya tafi bita ƙofar a kulle take. A bar mai koyarwa ya yi bayani da Hausa inda ita ce za ta fi shiga, ko da jarrabawar da Turanci za a rubuta. A Filato Hausa ce take haɗa Birom da Angas da Tarok da Bafulatani a kasuwa, ba za ta kasa haɗa su a aji ba. Gajerun darussa na murya da bidiyo da za a tura ta waya, marasa cin data, za su kai inda mota ba ta zuwa da damina.

Makarantu kuwa, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce masu makarantu su samar da ɗakin karatu mai aiki, su kuma horar da masu kula da shi. A aikace, sau da yawa malamin da ba shi da lafiya ko wanda aka rasa darasin da za a ba shi ake turawa can. Tunda dai malami ne zai riƙe, ku zauna da majalisar rajistar malamai ta TRCN da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi a fitar da gajeren kwas na hutu, mai takardar shaida da za ta yi masa amfani wajen ƙarin girma.

Nan ne ma gaba ɗaya maganar take tsayawa ko ta faɗi. Ma'aikaci ba zai kashe Asabar ɗinsa a aji ba idan takardar da zai samu ba ta motsa komai a fayil ɗinsa. Sai Ofishin Shugaban Ma'aikata na Tarayya da Majalisar Tsare-tsaren Ma'aikata ta Ƙasa sun shigar da waɗannan takardu cikin tsarin aiki, jihohi su bi. Sai an rubuta cewa mai ɗaukar aiki ne zai biya kuɗin horon ma'aikacinsa, ya kuma sake shi ya tafi. Sai kun riƙa buɗe baki duk lokacin da aka ɗauko wanda bai san aikin ba aka ɗora shi a kan ɗakin karatu don a sama masa kujera, domin matashin da yake ganin haka ba zai ga dalilin wahalar da kansa da jarrabawa ba. Ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa da aka ba da kwangilarsa a 2006 yana nan tsaye tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa ba a gama ba, har uwargidan shugaban ƙasa ta nemi a tara masa gudummawa a 2025. Muna fatan a gama shi. Amma duk wanda ya tashi yi wa laburare alheri a ƙasar nan, bulo da kwamfuta yake tunawa, kuma aikinku ne ku riƙa tuna musu cewa a ware wani kaso na kowace irin wannan kyauta domin horar da waɗanda za su zauna a ciki.

Idan kuna neman inda za ku gwada, ku fara da Filato. Ƙananan hukumomi 17 ne, shiyya uku. A fara da ƙidaya: wa yake riƙe da kowane ɗakin karatu na jiha da na ƙaramar hukuma da na sakandaren gwamnati, wace takarda gare shi, yaushe rabonsa da horo. Reshen NLA na jiha zai iya tattara wannan cikin zango ɗaya idan kun ba shi takardar izini. Daga nan a buɗe aji uku, ɗaya a Jos, ɗaya a Pankshin, ɗaya a Shendam, a yi shekara guda, a yi jarrabawa, a buga sakamakon da abin da aka kashe kowa ya gani. Akwai masu rajista a nan da muka yi magana da su, sun yarda su koyar ba tare da an biya su komai ba in ban da kuɗin mota. Takardarku kawai muke jira.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin karatu mai rajista,
Jos, Jihar Filato.